Digiri na biyu ya zame min alaƙaƙai: in cire shi daga CV ko in bar shi?

Abban Nana

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau buƙata ce ta fito da ni. Shawara nake nema, kuma don Allah duk wanda zai ba ni, ya ba ni tsakaninsa da Allah.

Shekara takwas na yi a Maiduguri ina aiki da wata ƙungiyar agaji, a ɓangaren kuɗi. Da ƙaramin akanta na fara, lokacin da na bar wurin mutum shida ne a ƙarƙashina. Da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a farkon 2025, aikinmu yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Wata biyu ana ce mana mu dakata, daga nan aka kira mu ɗaya bayan ɗaya aka miƙa wa kowa takardarsa. Na kwaso iyalina muka dawo Kano. Ina da digiri na farko a aikin akanta, ina da na biyu daga Jami'ar Bayero.

Sau biyu aka kira ni intabiyu tun da na dawo. Na farko wata makaranta ce mai zaman kanta, suna neman mai riƙe musu lissafin kuɗin makaranta. Mai makarantar ya yi ta buɗa CV ɗina, da ya kai shafi na uku sai ya cire tabarau ya ce, "Malam, mu nan ba mu da kujerar da za ta ɗauke ka." Na biyu kuwa komai yana tafiya daidai har aka tambaye ni nawa nake ɗauka a baya. Na faɗa. Mutum biyun suka kalli juna, sauran hirar ta koma tambayar ya Maiduguri, ya hanya.

Yanzu wani kamfanin gyaran shinkafa yana neman mai kula da sito, wanda zai riƙa rubuta shigar shanshera da fitar buhuna. Difloma suka ce suna so. Abokina da ya kawo min labarin ya ce in cire digiri na biyu, in mayar da muƙamina na Maiduguri mataimakin akanta, in an tambayi albashi in faɗi rabin rabinsa. Matata ta ce sam. Ni kuma kuɗin haya yana nan tafe, abin da na tara ya kusa ƙarewa. Shin cirewar ƙarya ce? In kuma aka tambaye ni baki da baki, me zan ce?

Ɗan Kurna

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ni dai a ganina cire shi kawai, ba tare da wani dogon tunani ba. Kai ka yi karatunka, da kuɗinka, in ka ga dama ka nuna, in ka ga dama ka bar shi a akwati. Wa ka cuta? Ai ba abin da ba ka da shi ka ƙara ba. A ƙasar nan da a 2012 kamfanin Dangote ya nemi direbobin manyan motoci, mutum wajen 13,000 suka nema, a ciki har da masu digirin digirgir shida da masu digiri na biyu sama da 700. Wannan fa tun kafin abubuwa su kai inda suka kai yau. Da babu gara ba daɗi. Ka samu ka shiga tukuna, sauran zance ya biyo baya.

Maman Walid

Ƙanena Abban Nana, sannu da haƙuri. Shekarata 15 ina aikin ɗaukar ma'aikata a wani kamfani a Kaduna, bari in gaya maka yadda abin yake daga ɗaya gefen teburin, don abokinka ya haɗa maka abubuwa uku a buhu ɗaya alhali ba iri ɗaya ba ne.

CV kai ne kake tsara shi. Babu wanda yake zuba rayuwarsa kaf a ciki. Wanda ya yi saukar Alƙur'ani, ko ya taɓa koyon ɗinki, ko ya yi kwas na wata uku a wani wuri, in bai rubuta ba babu mai ce masa maƙaryaci. Don haka taƙaita shi ba laifi ba ne, hasali ma dole ne. Ka ce mai makaranta ya kai shafi na uku. Me ya kai CV ɗin neman aikin lissafin makaranta shafi uku? Na tabbata ka jera masa taron bita na Abuja, da rahoton da kake tura wa masu ba da tallafi, da kasafin miliyoyin da ka riƙe. Shi kuma yana neman wanda zai zauna ya karɓi takardar banki daga hannun iyaye ya rubuta rasit. Kai da kanka ka tsorata shi. Na kamfanin shinkafa ka mayar da shi shafi ɗaya, in ya yi yawa ɗaya da rabi. Ka tuna duk abin da ka taɓa yi da ya shafi sito: ƙidayar kaya, daidaita abin da ke littafi da abin da ke ƙasa, takardar shigar kaya da ta fita. Su za ka ɗora a sama. Wajen karatu ka sa kanun "Karatun da ya shafi wannan aiki", ka rubuta digirinka na farko. Wannan ni ban ga aibinsa ba.

Amma ranar da aka miƙo maka fom, ka ga layin da ya ce mafi girman shaidar karatunka, a ƙasa kuma ga wurin sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, to a nan labari ya sauya. Tambaya aka yi maka. In ka rubuta digiri na farko ka yi ƙarya, kuma ƙarya ce mai sa hannu. Da ita kaɗai za a iya sallamarka ko bayan shekara biyar, ba tare da an biya ka ko kwabo ba.

Sauya muƙami kuwa kar ma ka fara. Waya ɗaya za mu buga a gane. Kuma ka san yadda Arewa take, wanda yake yi maka intabiyu ƙila ƙanin matarsa ya yi aiki a ƙarƙashinka. Mun taɓa ɗaukar wani da ya ce tunda ya gama bautar ƙasa bai taɓa aiki ba. Ranar cike takardu aka ce ya je ya buɗe asusun fansho, sai ga shi da lambarsa tuntuni, ita kuma lambar nan guda ɗaya ake ba mutum har abada. Ashe shekara huɗu ya yi a banki. Da ya faɗa tun farko wallahi da mun ɗauke shi a hakan, ƙila ma da ƙari. Bai yi sati biyu ba aka ce ya ajiye katin shiga.

Ɗan Kurna

Anti, to ai ku ne kuke tura mutane yin ƙaryar. Mutum ya faɗi gaskiya ku ce ya fi ƙarfinku, ya ɓoye ku ce maƙaryaci ne. Ina za mu sa kanmu?

Maman Walid

Maganarka tana kan hanya, ban musa ba. Akwai zalunci a yadda muke tace takardu, kuma ni kaina na sha jefar da CV a minti ɗaya saboda sun fi ɗari biyu a gabana. Shi ya sa na ce ya taƙaita, don ya tsallake wannan minti ɗayan ya samu a zauna da shi. In an zauna kuwa, bakinsa ne zai yi masa aiki.

Alhaji Mai Ruwan Leda

Assalamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba, yarona ne ma yake gyara min rubutun nan. Amma ina da ɗan kamfanin ruwa da ma'aikata 23, don haka ni ne irin mutumin da Abban Nana zai zauna a gabansa. Bari ku ji abin da yake ranmu.

Ba karatunku muke ƙi ba. Wa zai ƙi mai ilimi a farashin mara shi? Tafiyarku muke tsoro. Bara waccan na ɗauki wani bawan Allah mai digiri biyu ya riƙe min sito da lissafi. Ya rantse min ya gaji da yawo, zama ya zo yi. Na sallami yaron da yake riƙe da wurin na mayar da shi wajen lodi. Na zauna da sabon da kaina na nuna masa dillalanmu, wa ake ba bashi, wa ba a ba. Sati bakwai. Ranar wata Litinin ina jiransa za mu yi ƙidaya, sai ga ɗan adaidaita ya kawo min makullai a cikin ambulan. Ya samu aiki a Abuja. Ko waya bai yi min ba. Wata biyu muka yi muna warware littafin da ya bari, don ya sauya tsarin zuwa nasa na kwamfuta wanda babu mai ganewa sai shi.

Ban ce kar ya tafi ba. Ni ma da ɗana ne zan ce ya tafi. Amma ya gaya min. Tun daga ranar in na ga takarda ta yi nauyi sai gabana ya faɗi. To kai Abban Nana, ko ka cire digirin ko ka bar shi, da ka buɗe baki za a gane ba ɗan difloma ba ne. Abin da mai kamfani yake son ji shi ne: yaushe za ka gudu, kuma in za ka gudu yaya za ka bar min wurina?

Malam Na Fagge

Allah ya saka wa Alhaji da alheri, ya taɓo inda maganar take.

Ɗan'uwa, ɗaukar aiki ijara ce, wato kai kana sayar da amfanin lokacinka da ƙwarewarka, shi yana saye. Hadisin Hakim ɗan Hizam da yake cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya ana shafe albarkar. Abin da malamai suka fahimta da ɓoyewa a nan shi ne ɓoye aibi, abin da in mai saye ya sani zai fasa ko ya rage kuɗi saboda cutarwar da ke ciki. Ƙarin ilimi a kan kansa ba aibi ba ne. Wanda ya yi shiru a kan wata falala tasa ba a ce ya yi algus ba. Saboda haka taƙaita takarda yadda Hajiya Maman Walid ta bayyana, ban ga haramci a ciki ba.

Sai dai ka lura. Mutane suna fakewa da tauriyya, wato ka faɗi magana mai fuska biyu, mai sauraro ya ɗauki wata kai kana nufin wata. Malamai sun yi sauƙi a kanta ga wanda ake son zalunta, ko inda babu haƙƙin kowa. Amma inda mai tambaya yake da haƙƙin sanin amsa, ba ta da wuri. A Sahihu Muslim ya zo cewa rantsuwa tana kan niyyar wanda ya sa a rantse. Mai kamfani da zai danƙa maka makullin sitonsa yana da haƙƙi. In ya ce "wannan ne iyakar karatunka?" ka ce "shi na kawo muku", kana sane da abin da zai fahimta, ka yaudare shi ko da harafin ƙarya bai fita daga bakinka ba.

Kuma kar ka ɗauka faɗin abin da ka iya girman kai ne. Annabi Yusuf, alaihis salam, da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ce shi mai tsarewa ne, masani. Aikin sito ne fa wannan, a mafi girman siffarsa. A Suratul Ƙasas aya ta 26 kuma an siffanta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki da abu biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfin kana da shi har ya yi yawa. Kar ka je ka zubar da na biyun a bakin ƙofa.

Tambayata gare ka ita ce: kana da wasu takardun neman aiki a waje da kake jiran amsarsu?

Abban Nana

Malam, ina da su. Guda huɗu, duk ƙungiyoyin agaji ne. Kuma ba zan ɓoye muku ba, in ɗaya ta kira ni gobe da albashin da ya kusa na da, ban ga yadda zan ce a'a ba. Yara uku gare ni, ga mahaifiyata. Tun da na karanta abin da Alhaji ya rubuta jikina ya yi sanyi, don na san ni ma da na rantse cewa zama na zo yi.

Malam Na Fagge

To ka ga ashe abin da ya kamata ya hana ka barci ba digirin ba ne. Wannan shi ne abin da in mai kamfani ya sani zai sake lissafi, shi ne kuma yake da haƙƙi a kansa. Ba dole ka lissafa masa inda ka kai takardu ba. Amma kar ka yi alƙawarin da ka san ba naka ba ne. Ka duba iyakar abin da za ka iya cikawa ko da an kira ka daga wani wuri, shi za ka faɗa.

Baba Tsohon Akawu

Yaran nan, bari tsoho ya sa baki. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, na ƙare a ofishin da ake ajiye fayil ɗin ma'aikata. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

A gwamnati mai digiri yana shiga ne a mataki na 8. Lokutan da aka rufe ɗaukar manyan ma'aikata, sai a bar ƙofar ƙananan matakai a buɗe. Mutane da yawa masu digiri suka riƙa shigowa da takardar sakandare, a mataki na 4, da tunanin in sun shiga sai su fito da digirin a daidaita musu. Akwai wani da ban manta ba. Shekara shida yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis, sannan ya kawo digiri. Aka duba kwanan wata, digirin ya girmi takardar ɗaukarsa aiki da shekara uku. Aka ce to lokacin da ka cike fom me ya sa ba ka rubuta ba? Maimakon ƙarin girma sai takardar tuhuma. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, sauya bayanai da ɓoye su duk suna cikin manyan laifuffukan da za su iya kai mutum ga kora. Da ƙyar manya suka sa baki ya tsira da aikinsa, digirin kuma bai amfane shi ba har na bar wurin.

Na san kamfani ba gwamnati ba ne. Amma takarda ba ta mantuwa, a ko'ina take.

Ɗan Kurna

Baba, da girmanka, amma mu fa abin ya fi ƙarfinmu. Bankuna da manyan kamfanoni su ce kar ka wuce shekara 26 ko 27. Ni yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci min wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Laifina ne? Rabin 'yan ajinmu sun je kotu sun yi takardar rantsuwar shekaru. Manya ma yi suke, babu abin da ya same su.

Baba Tsohon Akawu

Ba laifinka ba ne ɗana, kuma sharaɗin shekarun nan ni ma ban yarda da shi ba. Amma kar ka ce babu abin da ya same su. A 1999 ɗan Kano ne ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, mutum na huɗu a ƙasa. Bai yi wata biyu cikakku ba ya sauka yana hawaye, a kan ƙarin shekaru da takardar Jami'ar Toronto da bai yi ba. Kotu ta same shi da laifi, daga baya aka yi masa afuwa, amma yau shekara sama da 25 in an ambaci sunansa abin da ake fara tunawa ke nan. Wancan lokacin ma sai da 'yan jarida suka yi tono. Yanzu ranar haihuwarka tana NIN, tana BVN, tana jikin takardar WAEC. Ka gyara ɗaya, biyu su tona ka. Waɗanda suka rage shekaru a zamaninmu kuma na ga ƙarshensu: za ka ga mutum, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya cika 60 ya yi ritaya, shi yana nan a fayil yana da 54, gwiwa ta ƙi, ido ya ƙi, ana tantancewa yana rawar jiki.

Ummu Safiyya

Ni ban zo da hujja ba, abin da ya same ni zan faɗa, don na yi abin da ake ba Abban Nana shawara.

Ina da digiri na biyu a ilimin sinadarai. Da muka koma wani gari saboda aikin maigidana, na nemi koyarwa a makarantu uku aka ƙi ni. A ta huɗu sai na cire shi, a fom ma na rubuta digiri na farko. Aka ɗauke ni. Ranar na yi murna har da sadaka.

Abin da ban lissafa ba shi ne zaman da zai biyo baya. Shekara biyu ina taka-tsantsan da bakina. A ɗakin malamai in ana hirar jami'a sai in yi shiru, kar in ambaci shekarar da za ta sa a yi lissafi. Wata rana wata tsohuwar ɗalibata ta jami'a, wadda na taimaka wa a ɗakin gwaji lokacin ina karatun, ta kawo ƙaninta makarantar. Da na hango ta sai na shige banɗaki na tsaya har ta tafi. Ina tsaye a ciki ina tambayar kaina, sata na yi?

Sannan aka buɗe gurbin shugaban sashen kimiyya, aka ce sai mai digiri na biyu. Ina zaune aka kawo wani daga waje. Na kasa haƙuri na je na sami mai makarantar da takardata a hannu. Ta karanta, ta ɗago ta ce, "Malama, to me kuma kika ɓoye mana?" Ba ta kore ni ba, amma daga ranar ko maki na shigar sai an sake dubawa. Ƙarshen zangon na ajiye da kaina.

Yaya Abban Nana, matarka ta fi abokinka hangen nesa.

Abban Nana

Allah sarki. Na gode da kika faɗi wannan, na san ba shi da sauƙin faɗa.

Hajiya Maman Walid, saura maganar albashi. Ita ce ta kayar da ni wancan karon.

Maman Walid

Ba adadin ne ya kayar da kai ba, shirun da ka yi bayansa ne. Ka ajiye musu lamba mai nauyi a tebur ka bar su su fassara, su kuma suka fassara da cewa wannan ba zai zauna ba. Kar ka rage ko naira ɗaya, don wasu wuraren muna neman takardar albashin wata uku na ƙarshe. Amma kai za ka riga su. Ka ce: wancan aikin kwantiragi ne da kuɗin ƙasashen waje, tsarinsa daban, kuma ya ƙare. Na bincika na san abin da ake biyan mai kula da sito a Kano, abin da nake sa rai ke nan. Sai ka faɗi adadin da ka san za ka iya rayuwa da shi. Da yawa a nan za su tsaya. In sun nace sai sun ji na baya, ka faɗa kai tsaye, ka maimaita cewa ba da shi ka zo auna su ba.

Wani abu kuma da ba a faɗa: wanda zai yi maka intabiyu wataƙila manaja ne da ka girme shi, ka fi shi karatu. Yana kallonka yana tunanin kujerarsa. Kar ka je kana gyara masa tsari tun ba a ɗauke ka ba. Ka yi masa tambaya a kan abin da ya fi ka sani, shinkafa ce, kuma ya fi ka saninta.

Alhaji Mai Ruwan Leda

Hajiya ta gama magana. Ni in mutum ya ce min "Alhaji, ba zan ce maka zan mutu a nan ba, amma duk ranar da zan tafi zan ba ka wata guda, kuma ba zan tafi ba sai na koya wa wani yaro littafin", wallahi a ranar zan ba shi makulli. Wanda ya ce min har abada, shi nake tsoro yanzu.

Ɗan Kurna

Ni dai har yanzu ina ganin in suka ƙi shi saboda gaskiyar, babu wanda zai biya masa haya a cikinmu. Amma Allah ya sa ku ne da gaskiya. Yaya, muna jiran labari.

Abban Nana

Assalamu alaikum. Na yi shiru kwana tara, ga yadda aka yi.

Na mayar da CV shafi ɗaya. Na bar muƙamina yadda yake, amma a ƙarƙashinsa na rubuta aikin sito kawai, don shekara biyu na farko ni nake ƙidayar katan-katan na abincin yara masu tamowa duk ƙarshen wata, na ma manta da hakan sai da Hajiya ta ce in tuna. Digiri na biyu ban sa a CV ba.

Ofishin yana jikin injin, sai ka ɗaga murya, ƙurar dusa har kan teburin. Kafin a shiga da ni wani yaro ya miƙo min fom. Layi na biyar, ga tambayar nan. Na daɗe riƙe da biro. Na rubuta digiri na biyu.

Manajan ba zai wuce shekara 30 ba. Ya ajiye fom da CV gefe da gefe ya ce, "Yallaɓai, a nan akwai, a nan babu." Na ce aikin sito na zo nema, shi ya sa na kawo abin da ya shafi sito, amma da kuka tambaya na faɗa. Ya ce to me zai hana ka tafi wata mai zuwa? Na gaya masa ina da takardu a wasu wurare. Na ce abin da zan iya ɗauka shi ne ba zan motsa ba kafin a gama kakar bana, bayan nan in tafiya ta zo zan ba da wata guda, kuma tun daga makon farko a haɗa ni da yaron da zan koya wa. Na yi lissafi da matata kafin in faɗi haka, mun yarda ko an kira ni a tsakani zan nemi su jira ko in haƙura.

Ya tambaye ni, in an auna shanshera da danshi aka shigar, bayan kwana goma nauyi ya ragu, yaya zan rubuta? Na ce ban taɓa riƙe kayan da yake raguwa da kansa ba, ya nuna min yadda suke yi. Ya ɗauko littafi ya yi min bayani wajen minti goma sha biyar. Albashin baya bai ma tambaya ba.

Jiya suka kira. Wata uku na gwaji. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da nake ɗauka a da ba, amma zai riƙe cefane, hayar kuma na je na roƙi mai gida ya raba min biyu. Litinin zan fara.

Maman Walid

Alhamdulillah. Ka tabbata sun ba ka takardar ɗauka a rubuce, da adadin albashi da ranar da gwajin zai ƙare. Alƙawarin wata gudan ma a sa shi a ciki, ya hau kanka ya hau kansu.

Alhaji Mai Ruwan Leda

Allah ya sa albarka. Abu ɗaya: ranar Litinin kar ka karɓi makulli sai kun ƙirga buhunan nan ɗaya bayan ɗaya kai da wanda zai miƙa maka, a gaban manaja. Ku sauke na baya ma, waɗanda suke jikin bango, a nan ɓera da ruwa suke ɓarna. Ko dare zai yi ku gama, ku ukun ku sa hannu, ka ɗauki hoton shafin a wayarka.